Ina rasit ɗinki, Hajiya?

Shekara uku kenan ina buga takardu a ofishin wani lauya nan Kano, kuma rigimar haya ta fi komai yawan shigo mana, balle tun da aka cire tallafin mai a 2023 siminti ya yi tashin gwauron zabi, kowane mai gida sai ya ce ai dole ya ƙara.

Da ni ma ɗauka nake in mai gida ya ce ƙara ko ka tashi to magana ta ƙare. Ashe ba haka ba ne. Shekarar da ka riga ka biya ba shi da ikon yi maka ƙari a tsakiyarta, kuma in kun kasa daidaitawa kan sabon farashi sai ya ba ka notis, wata 6 ga mai biyan shekara, wata 1 ga mai biyan wata-wata, sai dai in wani abu daban kuka rubuta a yarjejeniya. In ya ƙare ma akwai wani notis na kwana 7, sannan kotu ce ke fitar da mutum, ba kwance rufi ko canza kwaɗo ba. A Legas dokarsu ta 2011 har ta ba ɗan haya damar kai ƙara in ƙarin ya wuce hankali.

Amma duk wannan, takarda ce ke riƙe shi, nan ne muke faɗuwa. Wata baiwar Allah ta zo daga Kurna, an kusa ninka mata kuɗi an ce wata ɗaya ta kwashe kayanta, shekara shida tana biya ta hannun dillali. Oga ya ce Hajiya ina rasit? Ta ce haba ranka ya daɗe, Alhaji ai kamar uba yake a wajenmu, kunya ma ba za ta bar ni in tambaya ba. Shi kuwa Alhajin cewa ya yi wata-wata take biya, dillalin kuma ya ƙi ɗaga waya. Ƙarshe sai gaban mai unguwa aka je, da kyar aka roƙar mata wata uku.

Ranar da na je biyan nawa na ce wa mai gidanmu, Baba a ɗan rubuta min mana. Ya daɗe yana kallona, ya ce yanzu ni za ka tambaya takarda? Ya dai yago fallen littafin jikansa ya rubuta, har yau gaisuwarmu ba ta koma yadda take ba.