Wata 14 ina musayar wasiƙu da wakiliyar marubuta a Landan

A Kano, idan mutum ya gama rubuta littafi, kuɗin ɗab'i yake nema, ya buga, ya kai wa 'yan kasuwa a Sabon Gari, ya zauna jiran ciniki. Haka na yi da littattafaina biyu na Hausa. Na ukun da Turanci na rubuta shi, kuma a nan ne na gane cewa manyan kamfanonin ɗab'i na Ingila da Amurka galibi ba sa karɓar rubutu daga hannun marubuci. Sai ta hannun wakili, dillalin da ke tallata littafi ga editoci ya ɗauki la'adarsa: kashi 15 cikin 100 a gida, kashi 20 idan an sayar da haƙƙin fassara.

Abin da suke nema kusan iri ɗaya ne: gajeriyar wasiƙa, da taƙaitaccen labarin a shafi ɗaya har da yadda ya ƙare, da babi uku na farko. Mutum 23 na aika wa. Wasiƙun farko gaisuwa na cika su da ita kamar yadda aka tarbiyyantar da ni, littafin sai can ƙasa. Shiru kake ji. Da na dawo da labarin layin farko ne amsa ta fara zuwa. Wani ya yabe ni cikin kwana biyu, ya ce in turo fam 300 kuɗin karatu. Ban tura ba, domin wakilin ƙwarai ba ya karɓar ko sisi sai littafi ya sayu.

A mako na tara wata wakiliya a Landan ta nemi littafin gaba ɗaya. Bayan wata biyu ta aiko da wasiƙa shafi biyu, ba ta karɓa ba, ba ta kuma kore ni ba. Ta ce duk lokacin da Binta, tauraruwar labarin, ta motsa sai in tsayar da labari in hau bayani: mene ne lefe, mece ce takaba, me ya sa wata huɗu da kwana goma. Ita so take ta zauna a ɗakin tare da Binta, ta ji nauyin kwanakin. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don saboda irinsu na yi bayanin. Kwana uku ban amsa ba, kuma na gode Allah da ban amsa a daren farko ba. Da na sake karanta babin takabar, na ga gaskiyarta.

Abu ɗaya na ƙi. Ta so in ƙara wa kishiyar da ke cikin littafin mugunta don labarin ya yi zafi. Na rubuta mata cewa a gidan kakana kishiyoyi ne suka yi rainon 'ya'yan juna, kuma wannan zaman nake son a gani. Ta amsa da cewa ta yarda, amma zaman bai fito a shafi ba tukuna. Wannan ya ci mini wata bakwai. Littafin ya sauko daga kalma 112,000 zuwa 86,000.

Na mayar mata a Oktoba, ashe lokacin baje kolin littattafai na Frankfurt a Jamus ne, wakilai da yawa suna can. Sai Disamba ta aiko da yarjejeniya shafi uku. Na kai wa wata lauya ta karanta mini sharaɗin rabuwa sau biyu kafin na sa hannu.