Harafi ɗaya a jikin allon shagona

Shekara uku cur allon da ke saman ƙofar shagona a Yalwa, nan cikin garin Bauchi, yana ɗauke da kuskure, kuma babu wanda ya tanka mini, ko cikin ɗaliban da ke kawo mini aikin buga takardu ko cikin masu wucewa safe da yamma. An rubuta "Computer Services and Stationary" da jan fenti, ni kuwa ina shiga ina fita a ƙarƙashinsa hankalina kwance. Wani dattijo, tsohon malamin firamare da ya zo a buga masa takardun fansho, shi ne ya tsaya a bakin ƙofa, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, gaskiya ka rubuta, tun da nake bin hanyar nan ban taɓa ganin shagon nan ya motsa ba." Na ce, "Baba, ban gane ba." Sai ya karɓi biro ya rubuta kalmomi biyu a bayan ambulan ɗinsa, ya nuna mini cewa "stationary" mai harafin a tana nufin abin da yake tsaye wuri ɗaya, kamar motar da aka kashe a gefen titi, alhali kayan rubutu su ne "stationery" mai harafin e.

Daga baya na gano cewa kalmomin biyu 'yan uwa ne na jini, tushensu ɗaya a Latin. A Ingila ta dā, mai sayar da littattafai wanda yake da rumfa tsayayya, saɓanin ɗan koli mai yawo da kayansa gari-gari, shi ake kira "stationer", kuma daga sunansa kayan da yake sayarwa suka sami nasu. Ashe dai zolayar dattijon tana da tarihi a bayanta, ko da yake wannan bai rage mini kunyar ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, da kwamfuta na tsara rubutun kafin in ba mai fenti, kuma ba ta ja mini jan layi ba. Dalilin a fili yake: ita tana duba ko kalmar tana cikin ƙamus ne, ba ta san abin da ke ranka ba, kuma dukkan kalmomin biyu halattattu ne. Irin wannan kuskure ya fi kuskuren haruffa na yau da kullum haɗari, domin yana shigowa ne da rigar mutunci. Wanda ya rubuta "I don't want to loose this opportunity" a takardar neman aiki ba lalle ne ya ga wata alama ba, alhali "loose" na nufin abu mai sako-sako ko wanda aka kwance, "lose" kuwa ita ce rasa abu. Na goge wannan o ɗin na biyu a takardun mutane sau ba adadi.

Ni a ganina Bahaushe ba shi da hujjar jin tsoron wannan matsala, domin da irinta ya tashi. A rubutun boko ba ma nuna karin sauti, ba ma nuna tsawon wasali, amma babu mai karatun da zai ga "an kai gari kasuwa" ya ɗauka Bauchi aka ɗauka aka kai Wunti. Muna rubuta "kuka" ga hawaye da kuma bishiyar da ake miya da ganyenta, muna rubuta "wuya" ga gaɓar jiki da kuma wahala, kuma jimla ce ke raba mana gardama ba tare da mun tsaya tunani ba. Mun kuma san ɓarnar da ƙugiya ɗaya ke yi idan ta faɗi, tunda "kafa" daban, "ƙafa" daban. Wannan basirar ce muke ajiyewa a ƙofa idan muka shiga Turanci, sai mu koma haddar jerin kalmomi kamar masu karatun hisabi, mu manta da su bayan jarrabawar WAEC ko NECO.

Inda matsalar ta zama tamu ta musamman shi ne kunne. Hausa ba ta da sautin v, kuma p da f a bakinmu abu ɗaya ne, shi ya sa muka mayar da "pump" famfo, "passenger" fasinja, "driver" kuma direba. Wannan ba aibi ba ne a cikin Hausa, haka kowane harshe yake yi wa baƙin kalmomi. Amma hannu yana bin kunne, sai ka ga mutum ya rubuta "full" inda yake nufin "pull", ko "safe" a gurbin "save", ko "leave" a gurbin "live". A wannan na ƙarshe ma muna da gata, domin bambancin dogon wasali da gajere ba baƙo ba ne a wurinmu, sai dai ba a cika nuna wa yara haka a aji ba.

Akwai wani tsari da ya sauƙaƙa mini rukuni guda na waɗannan kalmomi, kuma na fi amincewa da shi a kan kowace dabarar hadda. Sau da yawa kalmomin biyu ma'anarsu ɗaya ce, aikinsu a jimla ne ya bambanta: ɗaya suna ce, ɗaya aikatau. "Advice" ita ce shawarar, "advise" shi ne bayar da ita. Haka "belief" da "believe", haka "proof" da "prove", haka "breath" da "breathe". Idan ka lura, sunan yana ƙarewa da sauti mara ziza, aikatau kuwa da mai ziza, har za ka ji maƙogwaronka yana kaɗawa idan ka ɗora yatsa a kai. Saboda haka kafin in buga, nakan tambayi kaina ko abu ake ambata ko kuwa aiki ake yi. "Practice" da "practise" ma haka suke a Turancin Ingila, wanda shi makarantun Najeriya ke bi, ko da yake furucinsu ɗaya ne. Amurkawa sun haɗe su sun zama "practice", kuma tunda kwamfutoci da yawa suna zuwa ne da Turancin Amurka, sai na'urar ta ja wa daidai layi, ɗalibi ya gyara abin da bai lalace ba. Abu na farko da nake yi wa kowace kwamfuta a shagona shi ne sauya mata wannan saiti.

"Principal" da "principle" ba su cika wahalar da ni ba, domin firinsifal ɗin da muka sani a sakandare mutum ne, kuma shi ne mai a; ɗayar kuwa ƙa'ida ce ko aƙida. "Compliments of the season" da ake bugawa a fastocin barka da salla kuwa, nakan duba ta sau biyu, saboda "complements" mai e a tsakiya cikon abu take nufi, ba gaisuwa ba.

Wadda ta fi ci mini kuɗi ita ce "effect" da "affect". Kundin binciken ɗalibai da dama da "The Effect of" yake farawa, wato tasirin abu kaza a kan abu kaza, kuma a nan suna ake bukata, "affect" kuwa galibi aikatau ce. Wata ɗaliba ta kawo nata a rubuce da hannu, yaron shagona ya buga "Affect" kamar yadda ya gani, ni kuma ban duba ba, aka kai wa mai ɗaurin littafi ya zana taken da ruwan zinari a bangon kwafi huɗu. Da malaminta ya dawo da su, ta zo ta ajiye su a kan teburina ta ce, "Malam, yanzu laifin wa ke nan?" Na duba takardar hannunta, na duba bangon, na tuna allon da ke saman kaina, wanda har yau inuwar tsohon a take leƙowa ta ƙarƙashin sabon e idan rana ta haska shi. Muka raba kuɗin sabon ɗauri biyu, ta biya rabi, na biya rabi.