Nawa ɓera zai biya don ɗigon man gyaɗa?

A shekarar ƙarshe ta karatuna a Sakkwato, malamina ya miƙa mini kejin fararen ɓeraye irin Wistar, ya ce in gano nawa za su iya biya don maiƙo. Na ce, "Malam, ɓera ina ya ga kuɗi?" Ya ce, "Guminsa ne kuɗinsa."

Akwatin gwajin irin wanda masanin halayyar dabbobi B. F. Skinner ya ƙirƙiro ne a shekarun 1930, namu dai mai walda ya haɗa mana. Ƙarafa biyu ne a ciki. In ɓera ya danna na dama, ɗigon man gyaɗa ya sauko cikin murfin kwalba. Na hagu kuma abincin kajin da suka saba ci. Ranar farko danni 1 ya isa, sannan 5, sannan 10, har 20. Tsadar ke nan.

Da man yana araha, kai, sai ka gani! Su lashe murfin tas, gashin bakinsu na ƙyalli. Ban yi mamaki ba, giram 1 na mai yana da kalori 9, na sitaci kuwa 4 kacal.

Inda na yi kuskure shi ne tausayi. Zafin Afrilu ya sa su sun yi laushi, sai na riƙa zuba musu abinci kyauta bayan Magariba. Cikin 'yan kwanaki dannin ya ragu, na ɗauka sun ƙoshi da mai ne. Malam ya dubi takardata ya ce, "Wa zai sayi abin da ya san za a ba shi sadaka da dare?" Ashe tun 1980 wani mai bincike, Steven Hursh, ya bambance wannan: dabbar da ke samun abinci a wajen gwaji tana saurin janyewa in farashi ya hau, wadda kuwa duk cinta na cikin akwatin sai ta jure. Makonni suka tafi a banza, abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Na sake daga farko, na mai da gwajin dare, tunda ɓera da dare yake kiwo.

Sai abin ya fito fili. Da aka tsawwala, man suka fara ragewa, abincin kajin kuwa suka riƙe shi gam, kamar magidancin da ya rage nama bai taɓa mudun gero ba. Masana tattalin arziki Kagel da Battalio sun ga makamancin haka a 1975: ɓeraye na sauya lemo mai zaƙi da wani in ya yi tsada, amma ba sa musanya abinci da ruwa.

Ɗaya ce ta ƙi bin sahu, mai tsagaggen kunne. Sauran sun koma hagu, ita tana nan a dama. Har aka kira Assalatu ina jin ƙarar ƙarfenta, ƙyas, ƙyas, ina ƙirgawa da fitilar waya.