Abin da Oga Bai Iya Gogewa Ba

Ƙarshen watan nan zan miƙa kwamfutar ofis da katin shaida, in yi sallama da ƙungiyar da nake yi wa aikin tattara bayanai a nan Gombe, don na samu sabon aiki. Tun da labarin ya fita, abokan aiki da ƙannenmu da suka gama bautar ƙasa tambaya ɗaya suke yi mini: wa ya yi maka hanya? Ban ga laifinsu ba. Duk wanda ya taɓa neman aiki a garin nan ya san sau da yawa kafin a fitar da sanarwa an riga an san mai kujerar, kuma mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. Ni dai mahaifina tela ne a Jekadafari, babu lambar wani kwamishina a wayarsa. Rubutun da nake sakawa a intanet shi ya sama mini aikin farko, shi ya sama mini na biyu, shi ne kuma ya haɗa ni da ogana.

Tattalin arzikin noma na karanta a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi. Da na dawo daga bautar ƙasa na zauna a gida da CV irin na kowa: digiri, takardar sallama, da layin nan na "ina iya aiki da kwamfuta" wanda ba wanda yake karantawa. Da zama ya ishe ni sai na fara bin kawuna, dillalin hatsi, zuwa kasuwar Tudun Hatsi. Ba ciniki nake yi ba. Littafi nake riƙewa ina rubuta farashin masara, dawa, gero, wake, riɗi da waken suya, da garin da kaya suka fito, da abin da direba ya karɓa a kan buhu. Abokan kawu suka laƙaba mini "ɗan jarida". Duk ƙarshen mako sai in zauna in mayar da abin da na rubuta bayani a bulog ɗin kyauta da na buɗe a WordPress, da Hausa, sannan in taƙaita shi da Turanci in saka a LinkedIn, shafin da masu neman aiki da masu ɗaukar aiki ke haɗuwa. An daɗe masu karantawa ba su wuce ni da abokaina na makaranta ba, su ma na san don kara suke dannawa.

Sai ga canjin kuɗi. Babban Bankin Najeriya ya sanar a watan Oktoban 2022 cewa zai sauya takardun naira 200, 500 da 1,000, aka sa wa'adin 31 ga Janairun 2023, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, sabbin kuɗin kuwa babu su a hannun mutane. A kasuwa buhu ɗaya ya koma yana da farashi biyu, na kuɗi hannu da na taransfa. Na tsaya kusa da wani dattijo da ya kawo wake daga wajajen Dukku. Mai saye na farko ya taya da daraja, amma taransfa zai yi. Dattijon ya ce a ƙauyensu babu banki, sabis ma sai an hau tudu, shi kuma gishiri da magani zai saya ya koma, ga kuɗin mota. Na biyu ya zaro sabbin 'yan ɗari biyar-biyar daga aljihun gaba, ya karya farashin yadda ya ga dama. Dattijon ya daɗe yana kallon buhunansa, sannan ya ce, "Allah ya sa albarka." Kawu ya karɓi la'adarsa bai ce uffan ba. A daren na rubuta abin da na gani, na jera bambancin farashin biyu na kowane hatsi kamar yadda na ɗauka a littafi, na bayyana aljihun wa ratar take shiga.

Wata baiwar Allah da ban taɓa gani ba, mai aikin agaji a Maiduguri, ta yaɗa rubutun a LinkedIn. Daga nan ya yi ta yawo. Ba a jima ba aka kira ni intabiyu. Ina so a riƙe wannan: ranar intabiyun, rubutun nan yana kan teburin Oga, ya sa an buga masa shi a takarda, har ya ja layi a wasu wurare da jan biro. Ya ɗaga shi ya nuna wa sauran, ya ce irin waɗannan yaran muke nema.

Aikin yau da kullum kun san shi, ba sai na faɗa ba. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne inda jadawalin bibiyar farashi na ofis ya samo asali. Mai zama a ofis yana ɗauka buhu buhu ne. Ba haka ba ne. Cikar buhu a wannan kasuwa daban da ta waccan, mudu ma wani da tozo ake aunawa wani a shafe, masarar kaka kuma da sauran danshi a jikinta, nauyinta ba ɗaya ba ne da ta bazara. In ka kwashi farashin Kumo ka jera da na Bajoga ba ka daidaita awo ba, ƙarya za ka rubuta da hannunka. Tun ina bin kawu na aro sikeli na auna, na fitar da hanyar mayar da komai kilo, na kuma rubuta ta dalla-dalla a bulog. Da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, aka saki naira a watan Yuni kasuwa ta riƙa yanke darajarta, kuɗin mota ya tashi, farashin abinci ya bi shi, masu ba da tallafi suka matsa suna son alƙaluman da za su yarda da su. Na ɗauko hanyata na ɗora a Excel, na horar da masu tattara bayanai, na rubuta rahoton tun daga shafin farko har na ƙarshe.

Oga ya tafi da shi Abuja. A LinkedIn na ga hotonsa, yana tsaye da babbar riga gaban allo, jadawalina a bayansa, har da launin da na zaɓa. A ƙasa ya rubuta cewa ya yi farin cikin gabatar da sabuwar hanyar da ya ƙirƙiro. Na buɗe rahoton da aka raba, na duba shafin godiya. An gode wa direbobi, kuma sun cancanta. Sunana babu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na haɗiye, don a aikin kwantiragi mai sa hannu a sabuntawa ba abokin jayayya ba ne.

Da a nan ta tsaya da ban rubuta wannan ba. Wani daga cikin waɗanda suka halarci taron ashe ya taɓa karanta bulog ɗina. Ya aika wa Oga saƙo, cikin yabo ma, yana cewa ya ji daɗin ganin an yi amfani da hanyar yaron nan na Gombe. Washegari aka ce ana nemana a sama.

"Malam, rufe ƙofar, zauna."

"Na gode, Yallaɓai."

"Wannan shafin naka. Ka sauke shi yau. Da abubuwan da kake sakawa a LinkedIn. Duk abin da ma'aikaci ya rubuta na ƙungiya ne, ka sa hannu a kan haka."

Na ce, "Yallaɓai, a gafarce ni, ban taɓa saka bayanan ofis ba ko layi ɗaya. Waɗannan rubuce-rubucen sun girmi zuwana nan. Kwanan wata na jikin kowanne."

Ya cire tabarau ya ajiye. "Kai yaro ne. Ni na ɗauko ka kana yawo a kasuwa. Kar ka bari ɗan abin da ka iya ya rufe maka ido."

Na ce Allah ya huci zuciyarsa, na fito. Ban sauke ba.

Abin da ya biyo baya ba a rubuta shi a takarda, shi ya sa ba inda za ka kai ƙara. Sunana ya daina fitowa a jerin masu tafiya taron bita, kun kuma san alawus ɗin tafiya shi ke riƙe da yawancinmu. Aka daina sa ni a imel ɗin da ya shafi rahoton da ni nake haɗawa. A takardar auna ƙwazo ta ƙarshen shekara aka rubuta cewa ba na iya aiki da jama'a, ni da nake kwana ƙauye da masu tattara bayanai. Da na nemi takardar shaida don in nemi wani aikin, bai ce a'a ba. Cewa yake "ka dawo gobe", har wa'adin ya wuce. Kuma duk da haka in mun haɗu a masallacin ofis shi ke fara miƙo hannu, yana tambayar mutanen gida.

Zan yi masa adalci a wuri ɗaya. Akwai abin da bai halatta ma'aikaci ya fitar ba: sunayen masu cin gajiyar shiri, lambobinsu, hotunan 'ya'yansu, alƙaluman da ƙungiya ta kashe kuɗinta ta tara. Tun watan Yunin 2023 ma akwai dokar kare bayanan jama'a a ƙasar nan. Na ga masu ɗaukar hoton mata a layin rabon kaya suna sakawa don a ce suna aikin jinƙai, wannan cin mutunci ne ko da doka ko babu. Amma Oga ba wannan ne ya dame shi ba. Kwanan watan ne ya dame shi. A ofis yana iya cire suna daga rahoto, yana iya cewa bai tuna wa ya kawo shawara ba, kowa zai sunkuyar da kai. Rubutun da ke waje, da sunan mai shi da ranar da ya fita, ba ya ƙarƙashin sa hannunsa.

Sabon aikin ma ta LinkedIn ya zo, daga wani kamfani mai sayen riɗi da waken suya a hannun manoma. Wanda ya tuntuɓe ni ba abokina ba ne, mun taɓa yin 'yar muhawara ne a kan dalilin faɗuwar farashin wake da kaka, shi ke nan. Daga baya na ga ashe haka abin yake tafiya: wani bincike da mujallar Science ta buga a 2022, a kan masu amfani da LinkedIn sama da miliyan 20, ya nuna cewa sanin shanu ya fi kawo sabon aiki a kan amini na kusa. Da hankali a ciki. Amininka abin da ka sani shi ya sani, guraben da ya ji labari kai ma ka ji. A intabiyun ba su ɓata lokaci a kan CV ba. Tambaya suka yi ta yi a kan awo, da danshi, da yadda ake gane dillalin da ke faɗa maka farashin baƙo. Da aka zo maganar masu tsaya mini, na ba da malamina na jami'a da wata tsohuwar abokiyar aiki. Ba wanda ya nemi takardar Oga.

Sauran abubuwan da na koya ba su da tsawo. Ka zaɓi abu ɗaya da ka fi na kusa da kai sani, ka yi ta rubutu a kansa, ko da kiwon kaji ne ko gyaran sola. Takardun kwas ɗin intanet da ake jerawa kullum da "Alhamdulillah, na kammala" ba su kai aiki ɗaya da ka yi da hannunka ka nuna ba, ko da yake na san wannan maganar za ta ɓata wa wasu abokaina rai. Ka rubuta da Hausa don mutanen da abin ya shafa su karanta su gyara maka, kawuna ya sha kama ni da kuskure, sannan ka taƙaita da Turanci don masu ɗaukar aiki. In za ka aika wa babba saƙo, kar ka rubuta sallama kaɗai ka zauna jiran amsa, ka gaishe shi ka faɗi abin da ya kawo ka a saƙo ɗaya. Koren zoben nan na "ina neman aiki" da ake sa wa a hoto ba abin kunya ba ne, amma in kana da oga irin nawa ka zaɓi wanda masu ɗaukar aiki kaɗai ke gani. Duk wanda ya ce ka turo kuɗin fom ko na tantancewa, ɗan damfara ne. Zagin da kake yi a Facebook lokacin zaɓe, masu ɗaukar aiki ma suna da Facebook.

Kuma ka ajiye kwafin komai a wurinka. LinkedIn na Microsoft ne tun 2016, ba gidan ubanka ba ne, mun kuma ga yadda aka rufe Twitter a ƙasar nan daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, masu harka a can suka wayi gari ba shago.

Na kammala takardar miƙa aiki, na bar jadawalin da duk lissafinsa a buɗe, ban kulle komai ba, don manoman da shirin yake yi wa aiki ba su yi mini laifi ba. Oga ya aiko a tambaye ni lambobin dillalan da ke ba ni farashi duk mako. Na ce a faɗa masa da girmamawa waɗannan ba na ofis ba ne, abokan kawuna ne, kuma ba sa ɗaukar wayar wanda ba su sani ba. Wanda zai gaje ni, in yana so, ya zo ranar Asabar in kai shi Tudun Hatsi in gabatar da shi, ya zo da littafi da biro, ya kuma shirya shan rana.