Kwanon Inna a Sakkwato, na Auta a Fatakwal

Ni ce 'yar fari a wurin Inna, don haka tun tasowata ba ta kiran sunana, ba ta kuma sakin jiki ta ci abinci a gabana. Duk wanda ya tashi a cikin garin Sakkwato ya san wannan kunyar. Abokiyar cin tuwonta Auta ce. Tun bayan rasuwar Baba su biyu ke sa hannu a kwano ɗaya bayan magariba, har ranar da aka ɗaura wa Auta aure, mijinta ya tafi da ita Fatakwal inda yake aiki.

Gidanmu ba kango ba ne. Ƙanena na nan da matarsa da yara, ana girki kullum, ana kai wa Inna nata ɗaki. Sai dai kwanon yakan dawo kusan yadda aka kai shi, an ɗan gutsiri gefen malmala guda, miyar ta huce mai ya kwanta a kai. In an yi magana ta ce bakinta ne babu daɗi. Zoben azurfar da ta daɗe da shi ya fara zamewa daga yatsanta, barci ma ya ƙaurace mata. Muka kai ta asibiti, aka auna jini da suga, aka duba abin da ya kamata. Likita ya ce bai ga wani sabon ciwo ba bayan hawan jinin da muka sani, sannan ya tambaye mu da wa take cin abinci.

Ilimin halittu nake koyarwa a makarantar sakandare, shi ya sa tambayar ta tsaya mini a rai. A jikin ɗan Adam akwai jijiyoyin da ke aikinsu ba tare da neman izininmu ba, su ke kula da bugun zuciya da numfashi da narkar da abinci, kuma kashi biyu ne. Kashi na farko na lokacin tashin hankali ne. Idan ya motsa sai zuciya ta ƙara gudu, ƙullin da ke saman ƙoda ya zubo sinadarin adirenalin a jini, kotisol, wani sinadarin tashin hankali, ya biyo baya, jini ya rage zuwa hanji ya nufi ƙafafu da hannuwa, yawu ya ƙafe. Shi ya sa wanda aka yi wa saƙon rasuwa yana tsakar cin abinci loma ke tsaya masa a wuya. Kashi na biyu na natsuwa ne, babbarsu kuwa ita ce jijiyar bagus, ta 10 a cikin jijiyoyi 12 da ke fitowa bibbiyu daga ƙwaƙwalwa. Tana gangarowa ta wuya, ta ratsa zuciya da huhu, ta kai ga tumbi da hanji. Ita ke sassauta bugun zuciya, ita ke sa tumbi ya zubo ruwan narkarwa. Iban Pablob na Rasha, wanda ya samu kyautar Nobel a 1904, ya nuna da karnuka cewa tumbi kan fara wannan aiki tun abinci bai iso shi ba, daga gani da ƙamshi da taunawa kawai, kuma in aka yanke wannan jijiya abin ya tsaya. Wanda kaɗaici ya dama jikinsa yakan zauna kamar mai gadi, kashi na farko bai cika kwantawa ba. To ina tuwo zai samu hanya?

Muka shirya da Auta. Bayan sallar magariba ƙanena zai kira ta ta bidiyo a WhatsApp, ya jingina wayar da fulas ɗin ruwan zafi a kan tabarma, ya fita. Da farko Inna ta ƙi. Ta ce ita ba ta cin tuwo ana kallonta cikin waya. Ba mu matsa ba. Muka ce wa Auta ta zo da nata kwano ta riƙa ci tana hira, kada ta ce wa Inna komai game da abinci. Ni kuma nakan tsaya daga bayan labule in na samu zuwa, tunda ganina kaɗai ya isa ya sa ta rufe kwano.

Wata rana na ji ta ce, "Ke Auta, mi kinka dahwa?"

"Tuwon shinkafa ne Inna, da miyar sure."

"Matso da ita in gani. Wagga miya ta yi ruwa, gyaɗa ta yi kaɗan."

Tana cikin wannan faɗa hannunta ya kai ga nata kwanon. Ta yanko loma, ta murza ta a tafin hannu yadda ta saba, ta dangwala, ta kai baki, idonta na kan waya. Na ga kafaɗunta sun sauka. Ta ja dogon numfashi ta sauke, ta gyara zama ta miƙe ƙafa ɗaya. Ba ta cinye ba a ranar, amma rabin malmala ya tafi, ta kuma nemi a ba ta ruwan randa. Daga nan abin ya ɗore, cin ya riƙa ƙaruwa a hankali, barcin dare ya soma dawowa.

Abin da na fi gasgatawa a cikin wannan lamari shi ne murya ta fi hoto aiki. A 2010 masu bincike a Jami'ar Wiskonsin ta Amurka sun sa 'yan mata masu shekara 7 zuwa 12 yin jawabi da lissafi a gaban baƙi har hankalinsu ya tashi. Waɗanda suka yi magana da iyayensu mata ta waya bayan nan, sinadarin oksitosin, mai kawo natsuwa da shaƙuwa, ya hau a jikinsu kusan daidai da na waɗanda iyayensu suka rungume, kotisol kuma ya sauka. Da aka gwada da rubutaccen saƙo daga baya, ba a ga wannan sauyi ba. Kafin mu fara kiran, Auta kan turo hoton girkinta a zauren dangi kusan kullum, ana nuna wa Inna, ta ce madalla ta kau da kai. Yanzu in sabis ya yi rauni, muna kashe bidiyo mu bar murya, kuma Inna na cin abincinta lafiya lau. Barin bidiyon yana sarƙewa shi ne ɓarna. A hirar baki da baki, tazarar da ke tsakanin shirun mai magana da amsar abokinsa yawanci kusan kashi 1 cikin 5 na daƙiƙa ce, kunne ya saba da haka. In amsar Auta ta yi jinkiri, sai Inna ta ɗauka ba a saurarenta, ta maimaita da ƙarfi, maganganu su haɗu, ranta ya ɓaci, ta tsame hannu.

Ɗan hoton fuskarta da ke fitowa a kusurwar waya ma ya dame ta. Ba ta gama gyara kallabi, in za ta kai loma sai ta juya gefe. Na san akwai binciken da aka yi a Jami'ar Nagoya ta Japan a 2017, inda tsofaffi da matasa suka fi jin daɗin gugguru, suka kuma fi ci, a gaban madubi. Ban musa ba, amma a wurin dattijuwar da ta tashi da kunyar ci a gaban mutane akasin haka na gani. Jeremi Belinsan na Jami'ar Sitanfod ya lissafa yawan ganin kai a cikin abubuwan da ke gajiyar da mutane a kiran bidiyo, a rubutunsa na 2021, kuma da shi na fi yarda a kan Inna. Muka liƙa 'yar takarda a kusurwar, muka ja wayar baya kaɗan yadda Auta za ta fito da kwanonta da hannunta, ba fuska kaɗai cike da gilashi ba.

Dole ne kuma dukansu biyu su kasance suna ci. Ranar da Auta ta riga ta ƙoshi, ta zauna tana cewa "Inna ki ƙara mana," Inna ko loma uku ba ta yi. Kallon mai ci yana rage masa ci, cin tare ne ke ƙara shi. Jon de Kastiro ya tattara bayanan abin da mutane ke ci a rayuwarsu ta yau da kullum a Amurka, ya samu a 1989 cewa abincin da aka ci tare da wasu ya fi na kaɗaici yawa da kashi 44 cikin 100. Don haka Auta ta daina cin komai bayan la'asar. Ita ma ashe abin ya yi mata rana. Mijinta ba ya dawowa sai dare ya yi, unguwar babu wanda ta sani, ta koma shayi da biredi a tsaye a kicin. Yanzu tana girki don ta san za a duba miyarta, mu kuma muna aika mata kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa ta hannun direbobi.

Mun hana kawo wasu maganganu a wannan lokaci. Ba a zancen rabon gado, ba a zancen bashi, ba a karanta mata labarin hare-haren gabashin jiha, ko da yake muna da dangi a can kuma dole za ta ji. Ta ji da hantsi, ba a kan kwano ba. Kiran taron dangi da muka yi ranar salla, fuskoki birjik kowa na magana, ya faranta mata rai amma bai ciyar da ita ba, don gaisuwa ta yi ta amsawa har abinci ya huce.

Ba zan ce waya ta maye gurbin Auta ba. Ƙamshin miya ba ya ratsa gilashi, kuma babu mai turo mata tsokar nama gefenta yadda Auta ke yi. Abu Dawuda ya ruwaito cewa sahabbai sun kai kuka ga Manzon Allah (SAW) cewa suna ci ba sa ƙoshi, ya tambaye su ko a rarrabe suke ci, suka ce e, ya umarce su su taru a kan abincinsu su ambaci sunan Allah, za a sa musu albarka. Ko haɗuwa ta waya ta shiga cikin wannan, na bar wa malamai. Abin da na yi dai shi ne na tura 'yata ta biyu ta koma kwana wurin kakarta, tunda tsakanin kaka da jika babu kunya sai wasa. Su biyu ke cin kwano ɗaya yanzu, Auta na cikin waya ta zama ta uku. Maganin hawan jini ba mu fasa ba, kuma duk mai tsohon da ya daina ci, ina roƙonsa ya fara da asibiti kamar yadda muka yi, don ciwon suga da gyambon ciki da ma abin da ya fi su kan ɓuya a bayan rashin cin abinci.

Ƙanenmu da ke karatu a Malesiya ya ji labari ya ce shi ma a sa shi. Sun riga mu da awa 7, magaribarmu tsakar darensu ce, don haka tuwon dare ba zai yiwu ba. Muka mayar da nasa rana. Ƙarfe 1 na rana a Sakkwato 8 na dare ce a can, lokacin da Inna ke dama furarta kafin azahar shi kuma yana zama cin abincin dare. Asabar da Lahadi suke haɗuwa, kuɗin data kuma shi ya ɗauki nauyinsa.