Inda Na Kai a Darasin Gado na Python

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu koyon shirya manhaja. Daga nan ƙauyenmu na gefen Ringim nake sanar da ku inda na kai a darasin gado na Python, harshen shirya manhaja. Gado shi ne aji (tsarin da ake ƙirƙirar abubuwa da shi a cikin shiri) ya ɗauki halaye da ayyukan wani aji, dabarar da Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard na ƙasar Nowe suka fito da ita a harshen Simula a 1967. A waya nake aikin, da manhajar Pydroid 3, gwargwadon cajin da mai sola ya ba ni.

Na fara da aji guda mai suna Siffa, wanda ba ya riƙe komai sai suna da alƙawarin cewa duk ajin da ya gaje shi zai iya lissafa girman fili. Daga gare shi na fitar da alwatika da dogon murabba'i da da'ira, wadda dole a rubuta ta Daira, domin Python yana karɓar ɗ da ƙ a cikin suna, amma ba ya karɓar alamar hamza. Kowane aji yana kiran super, wato umarnin da ke kai shi ga ajin da ya gada, don ya karɓi sunan, sannan ya kawo nasa lissafin. Da na gwada da gindin rumbunmu, mai mita 1.5 daga tsakiya zuwa baki, sai ya ba ni murabba'in mita 7.07.

Inda na daɗe shi ne wajen murabba'i. A lissafin makaranta, kowane murabba'i yana cikin dangin dogon murabba'i, don haka hankali yana cewa ya gaje shi. To amma uban, wato dogon murabba'i, ya yarda a canza tsawo ba tare da an taɓa faɗi ba, abin da ɗan, wato murabba'i, ba zai iya ba. Idan aka sa tsawo 5, sannan faɗi 4, ana jiran 20 ne, sai murabba'i ya daidaita ɓangarorinsa ya ba da 16, kuma babu wani gargaɗi da zai fito. Barbara Liskov ta kafa ƙa'idar wannan a 1987: duk inda uba ya yi aiki, wajibi ne ɗa ya maye gurbinsa ba tare da shirin ya lalace ba.

Saboda haka na mayar da murabba'i ƙarƙashin Siffa kai tsaye, ko da yake hakan ya sa na maimaita layi biyu. Wanda ya gwada hana canza ɓangarorin bayan an ƙirƙiri siffar, don Allah ya faɗa mini ko gadon ya zauna masa daidai.