Kalma ɗaya da jan biro

Tunda takardar shaidar digiri na biyu ta shigo hannu, yanzu baki ya buɗe. 'Yan sashen Turanci sun san malamin da nake nufi, ba sai na kama suna ba. Shi ne wanda ba ya gyara a gefen takarda, sai dai ya jefo maka kalma ɗaya da jan biro, ya bar ka da ƙamus.

Tawa ita ce meretricious. A saman babi na biyu na kundin digirina ya rubuta ta, ya ja mata layi, sauran shafukan kuwa fes, ko lanƙwasa babu, da gani ba a buɗe su ba. Wani abokin karatuna da ya leƙo har ya miƙo hannu zai taya ni murna, ya ɗauka meritorious ce, wato abin yabo. Ban ga laifinsa ba. Masu harshen ma suna rikita su, kuma tushensu ɗaya ne a Latin, merere, wato mutum ya samu abu da aikinsa. Daga nan aka samu meretrix, karuwa, mai neman kuɗi da jikinta, ita kuma ta haifi wannan kalma da ta shiga Turanci a ƙarni na 17. Da farko karuwancin take nufi kai tsaye, daga baya ta koma kan duk abin da ke ɗaukar ido alhali ciki fanko ne, ƙyalƙyal banza. Ba a cika jin ta a hira ba, kayan aikin masu sharhin adabi da fim da zane ce.

Abin da ya ƙona min rai shi ne ba yawan ado kaɗai take zargi ba. Da gaudy ya rubuta, sai in ce launi ne ya yi yawa. Da tawdry ce, arha yake nufi, don ita daga sunan waliyyiya Audrey ta fito, wadda a da ake sayar da kayan adon wuya masu arha a kasuwar bikinta a garin Ely na Ingila. Meretricious kuwa niyyar mutum take taɓawa: ka caɓa kwalliya ne don ka yaudari mai saye. Ni da kujerar ɗakin karatu ta san nauyina!

Na same shi a ofis, na rusuna na ce, "Allah ya gafarta Malam, wace jimla ce?" Bai ko ɗago kai ba, ya ce ranar da na san Turanci zan gani da kaina. Na je na cire 'yan siffofi, na sauya kwanan watan da ke bangon babin, na mayar da babin kusan yadda yake. Ya sa hannu. Ranar kare kundi, babin nan mai jarrabawa na waje ya fi tsayawa a kai, ya kuma yaba. Malam na gefe yana gyaɗa kai.

Ku da ke baya, ku koyi kalmar, tana da ranarta, amma kada ku liƙa wa rubutun kowa sai kun iya ɗora yatsa kan layin da ya yi ƙarya. Ku riƙa ajiye kwafin kowane babi da kwanan watansa. Kada ku ja da babba a gaban jama'a. Sakatariyar sashe kuma ku gaishe ta da kyau, ita ta san inda fayil ke kwana.

An ce wata mai zuwa Malam zai gabatar da laccarsa ta hawa kujerar farfesa. An aiko min da katin gayyata mai ruwan zinare. Ba zan samu zuwa ba.